Ƙamusun Oxford na masu koyon Turanci: yadda ya warware kalmar "shadow"

Oxford Advanced Learner's Dictionary shi ne ƙamusun da malaman Turanci suka fi tura ɗalibai su saya, tun daga sakandare har jami'a. Asalinsa aikin A. S. Hornby ne, Baturen Ingila da ya koyar da Turanci a Japan. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fara fitar da shi a 1948, bugu na 10 kuma ya fito a 2020. Tun farko don wanda ba a haife shi cikin Turanci ba aka tsara shi, shi ya sa ake yin bayanin ma'anoni da zaɓaɓɓun kalmomi masu sauƙi, kimanin 3,000. Ingancin ƙamus irin wannan yana fitowa ne idan aka ɗauki kalma mai rassa da yawa aka ga yadda ya bi da ita, kuma ga Bahaushe da wuya a sami wadda ta fi "shadow" tona asiri.

Mu inuwa ɗaya muka sani, ko ta bishiya ko ta mutum. Bature ya raba ta biyu. Wurin da rana ba ta bugawa, inda ake shimfiɗa tabarma a huta, shi ne "shade". Baƙar surar da mutum, dabba ko gini ke jefawa a ƙasa ko a bango idan haske ya buge shi, ita ce "shadow". Ɗalibin da ya rubuta "we sat in the shadow" yana nufin an sha inuwar darbejiya, ya sha jan biro, domin "shade" ake so. A nan ƙamusun ya yi rawar gani: yana da ɗan akwatin bayani da ya jera kalmomin biyu kafaɗa da kafaɗa, kowace da jimlarta. Ƙamusun aljihu na Turanci zuwa Hausa da zai ce maka duka biyun "inuwa" ne bai yi ƙarya ba, amma ya bar ka inda ya same ka.

Bayanin kalmar a ƙamusun ya kasu gida uku: suna, aikatau da sifa. Matakin farko ke nan, ka gane wanne ne a jimlar da ke gabanka kafin ka karanta ma'ana ko ɗaya. A ƙarƙashin suna an jera ma'anoni da lamba, kowace da ɗan kan magana a gabanta don ido ya yi saurin sauka inda ake nema. Bayan surar inuwa akwai duhun lungu, wanda galibi da jam'i yake zuwa, kamar a ce ɓarawo ya laɓe "in the shadows". Akwai ɗan ɓurɓushin abu, kamar "a shadow of a smile", murmushin da bai gama fitowa ba. Akwai baƙin da ke kwanciya a ƙarƙashin idon wanda bai sami barci ba, da mutumin da ke manne da wani duk inda ya sa ƙafa, da kuma mummunan tasirin da wani al'amari ke yi, kamar rasuwar da ta rage wa biki armashi, "cast a shadow over the wedding".

Akwai haruffa biyu da yawancin masu amfani da ƙamusun ke tsallakewa, alhali su ne rabin amfaninsa: C na nufin ana ƙirga sunan, U na nufin ba a ƙirga shi. "Shadow" ta sura ana ƙirga ta, tana ɗaukar "a" tana kuma yin jam'i. "Shade" ta hutawa ba a ƙirga ta, saboda haka "a shade" ko "shades" sun koma wata ma'anar daban, ta nau'in launi ko tabarau. Wanda ya kula da waɗannan haruffa ya rage kurakuran insha'insa sosai.

Inda aka fi zamewa shi ne salon magana. Idan Bahaushe ya ce yaro ya taso a ƙarƙashin inuwar mahaifinsa, yabo ne, ya sami kariya da gata. Idan Bature ya ce mutum yana rayuwa "in his father's shadow", tausaya masa yake yi: sunan uban ya danne nasa, ba a ganin ƙoƙarinsa. Mai fassarar da ya bi kalma da kalma zai juya maganar gaba ɗaya. Haka nan ƙungiyoyin da suka haɗu a inuwa ɗaya, Turanci da lema yake kwatanta su, "under one umbrella". Ƙamusun ya ba da ma'anar "in the shadow of" daidai, da misalai, amma ba zai gargaɗe ka cewa ta saɓa da taka ba, tunda bai san da Hausa ba. Wannan aikin mai karatu ne da malaminsa. Wani abin da ke ɓata lokaci a bugun takarda shi ne wasu salon maganar ba a yi bayaninsu a nan ba, sai a tura ka wata kalmar da ke cikinsu, ka sake buɗe wani shafin.

Ɓangaren aikatau gajere ne amma ya wadatar: bin sawun mutum a ɓoye kamar yadda ɗan sandan ciki ke yi, da kuma bin ƙwararre a wurin aiki don koyo, kamar ɗalibin likitanci da ke zagayen marasa lafiya tare da babban likita. Sifar kuwa ta siyasar Birtaniya ce. "Shadow Cabinet" manyan 'yan jam'iyyar adawa ne a majalisa, kowanne an ba shi ma'aikata guda ya sa mata ido, kuma shi ake sa ran zai riƙe ta idan suka ci zaɓe. Bayanin ƙamusun ya ɗauka ka san tsarin firaminista, wanda Najeriya ta yi a Jamhuriya ta Farko, ta kuma koma tsarin shugaban ƙasa a 1979. Mai fassara labarai da ya rubuta "majalisar inuwa" ba wanda zai gane shi, gara ya ce ministocin jiran gado na 'yan adawa.

Ga kalmomin fanni, kada a ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Ɗalibin labarin ƙasa da ke son sanin dalilin da ya sa bayan dutse ke rasa ruwan sama, wato "rain shadow", ko na kimiyya da ke nazarin inuwar wata da ta duniya lokacin husufi, littafin darasinsa ne zai ƙosar da shi.

Littafin kansa yana da nauyi, takardarsa siririya ce, rubutun kuma ƙanana, mai raunin ido zai wahala da dare. Jabunsa sun yi yawa a kasuwa. Kafin ka biya, buɗe tsakiya ka duba ko tawada ta dusashe ko ta ɓullo ta bayan shafi, ko shafukan hotuna masu launi sun koma baƙi da fari, sannan ka bi lambobin shafi a wurare uku ko huɗu, don jabu kan tsallake wasu ya maimaita wasu. Wanda ke da waya da data zai sami ma'anonin kyauta a shafin intanet na ƙamusun, har da muryar furucin Ingila da na Amurka, inda zai ji cewa a gaɓar farko ake danna "shadow". Na takarda ya fi dacewa da ɗalibin makarantar kwana da ba a barinsa da waya, da kuma ofishin fassara da ke fama da ɗaukewar wuta.