Na biya kuɗin kallon ƙwallon Amurka na kaka guda, ga abin da na gani

Riga ce ta jawo mini wannan wahala. Yayana da ke zaune a jihar Minesota ya zo hutu ya kawo mini wata riga mai launin shunayya, da lamba 18 a baya da sunan Jefferson. Na ɗauka rigar zaman gida ce, na yi ta sawa ina zuwa sayen burodi, sai ranar da zai koma ya ce, "Ƙanina, ka san rigar da ke jikinka kuwa? Ai ka zama ɗan Vikings ke nan, Allah ya ba ka haƙuri." A lokacin ban gane dalilin addu'ar ba. Daga baya na ji cewa Vikings ƙungiyar ƙwallon Amurka ce ta jihar Minesota, kuma sau 4 ta je wasan ƙarshe na Super Bowl, sau 4 tana dawowa hannu rabbana.

Shekara biyu na yi ina bin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ta guntayen bidiyo da kuma jerin ƙarfi da masu sharhi ke fitarwa kowane mako, inda suke jera ƙungiyoyi 32 daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. A watan Satumba na 2024 na ce gani ya kori ji, na biya kuɗin wata manhajar kallon wasanni da ke sayar da kakar gaba ɗaya. Yanzu da kakar ta ƙare, ga yadda muka kwashe da ita.

Biyan kuɗin ma sai da ya zama aiki, domin da dala ake biya, katina kuma ya ƙi. Sai da na nemi wani abokin aiki mai katin da ke wucewa, na tura masa naira. Bayan haka shiga ba wuya. Kowane wasa yana nan kai tsaye, bayan an tashi kuma za ka same shi cikakke, ko a taƙaice cikin minti 40 da aka yanke tallace-tallace da tsaye-tsaye. Wannan taƙaitaccen shi ne ya cece ni, zan dawo kansa.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, wasan ba shi da wuyar fahimta kamar yadda yake a ido. Filin yadi 100 ne tsakanin gidaje biyu. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama 4 ta ci gaba da yadi 10, wato tsawon shaddar babbar riga da 'yar ciki da wando. In ta cika, a sake ba ta dama 4. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Shiga gidan ƙarshe da ƙwallo maki 6 ne, bugawa tsakanin sanduna maki 3. Agogon wasa minti 60 ne, amma da ƙyar a gama cikin awa uku. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai, inda minti 45 ke tafiya babu numfashi, zai ji kamar ana yi masa rowa. Ni ma makon farko na yi ta tsaki.

Babbar matsalar mai kallo daga nan gida ba ta manhaja ba ce, ta agogo ce. Wasannin farko na ranar Lahadi suna farawa ƙarfe 6 na yamma agogonmu, in Amurkawa sun mayar da agogonsu baya a watan Nuwamba kuma su koma ƙarfe 7, daidai tsakanin magariba da isha'i. Wannan da sauƙi. Manyan wasannin da ake ware wa dare su ne fitina: ƙarfe 1:20 na dare, daga baya 2:20. Ka tashi daga kallo ana kiran assalatu, ga ofis na jiranka. Sau ɗaya tak na kalli ƙungiyata da rana tsaka kamar mutum mai 'yanci, ranar 6 ga Oktoba da suka doke Jets 23 da 17 a filin Tottenham da ke Landan. Ƙarfe biyu da rabi aka take, ina cin abincin rana.

Abin da na fi jin daɗinsa a kunshin shi ne tashar RedZone. Ranar Lahadi wasanni da yawa ke gudana a lokaci guda, sai mai gabatarwa Scott Hanson ya riƙa tsallaka da kai daga fili zuwa fili, duk inda wata ƙungiya ta shiga yadi 20 na ƙarshe nan za a kai ka. Awa bakwai a jere. Kamar a ce ranar rufe Firimiya an ba ka mutumin da ke canza maka tasha daidai lokacin da za a ci. Uwargida ta leƙo wata Lahadi ta ga allo ya rabu gida huɗu, ta ce, "Maigida, wannan kallo kake yi ko gadi?" Gaskiyarta. Sai dai tashar ba ta koya maka wasa, ci kawai take nuna maka, kuma a nan ne na fara gane inda jerin masana ke yaudarata.

Akwai teburi iri biyu, kuma na daɗe ina cakuɗa su. Na farko shi ne na hukuma, wanda babu gardama a kansa. Ƙungiyoyi 32 sun rabu ɓangare biyu, AFC da NFC, kowane ɓangare da rukuni 4 masu ƙungiya huɗu-huɗu. Kowa zai buga wasa 17 cikin mako 18. Bakwai ke wucewa zagayen sili-ɗaya-ƙwale daga kowane ɓangare: zakarun rukunai huɗu, sai uku mafiya nasara cikin sauran. Na biyu shi ne jerin ƙarfi, wanda ra'ayin marubuci ne kawai, yana fitowa bayan wasannin mako, kuma babu kofin da ake bayarwa da shi. Amma shi nake fara buɗewa da safe, in ga an ɗaga Vikings hawa biyu in wuni ina murmushi.

Kuma kakar ta ba ni abin murmushi. Matashin da suka ɗauko a matsayin mai jifa, wato jagoran masu kai hari da ke jefa wa 'yan wasansu ƙwallo, J.J. McCarthy, ya ji rauni a gwiwa tun kafin a fara, aka miƙa ragama ga Sam Darnold, mutumin da ƙungiyoyi da dama suka gwada suka saki. Kowa ya ce kakar ta mutu. Sai ga su sun ci wasa 5 na farko a jere. Suka faɗi biyu, a hannun Lions 31 da 29, da Rams 30 da 20, sannan suka jera nasara 9. Masu jeri suka yi ta tura su sama. Ni kuwa na fara yi wa mai shayin unguwarmu wa'azin Darnold, shi da ko sunan wasan bai sani ba, sai dai ya ce, "To Alhaji, Allah ya ba su sa'a, madara nawa za a sa?"

Wajen watan Disamba barci ya fi ƙarfina, na daina tashi tsakar dare na koma kallon taƙaitaccen wasa bayan sallar asuba. A nan abu ya canza. In an cire surutu da talla, sai ka ga dama bayan dama a jere, idonka ya bar bin ƙwallo ya koma kan ƙattin nan biyar da ke tsaye gaban mai jifa suna kare shi. Na fara lura da cewa duk lokacin da aka ba Darnold sarari, jifansa kamar an auna da igiya. Da zarar an matso shi ta tsakiya kuwa, sai ya riƙe ƙwallo yana dube-dube har a cim masa. Na mayar da wasu wurare baya sau uku-uku don in tabbatar ba idona ba ne. Jerin da nake karantawa yana ƙirga nasara 14 yana yabon koci Kevin O'Connell, wanda ya cancanci yabon har aka ba shi kocin shekara, amma wannan ɓarakar sai a layi ɗaya can ƙasa, in ma an ambace ta.

Ranar 5 ga Janairu 2025 aka haɗu da Lions a gidansu, kowa na da nasara 14 da faɗuwa 2. Wanda ya ci zai zama na ɗaya a NFC, ya huta mako guda, ya buga sauran wasanninsa a gida. Na saita ƙararrawa ƙarfe biyu na dare, na cika fitila da waya da caji tun yamma saboda ba a san halin wuta ba. Vikings suka yi ta kaiwa bakin gida suna komowa, ko sau ɗaya ba su shiga ba. Jahmyr Gibbs na Lions shi kaɗai ya shiga sau 4. Aka tashi 31 da 9.

A nan tsarin gasar ya nuna mini ɗacinsa. Ƙungiya mai nasara 14 ta koma ta biyar, saboda ba ta ci rukuninta ba, dole ta je baƙunta wajen Rams mai nasara 10 kacal. Har yau ina ganin wannan ba adalci ba ne, ko da yake na san amsar masu kare tsarin: in cin rukuni ba shi da lada, gabar da ke tsakanin maƙwabta za ta mutu. Wasan ma ba a Los Anjalis aka yi ba, gobarar dajin da ta cinye unguwanni a birnin ta sa aka mayar da shi Arizona. Sau 9 aka kayar da Darnold da ƙwallo a hannunsa, aka tashi 27 da 9. Duk kakar wasa huɗu Vikings suka rasa, kuma a hannun ƙungiyoyi biyu kaɗai, kowace sau biyu. Abin da ya ba ni haushi da kaina shi ne na ga alamar tun wata guda kafin nan, amma na zaɓi in yarda da lambar da wani ya rubuta kusa da sunan ƙungiyata.

Ba mu kaɗai ba ne. Yawancin makonni Chiefs ko Lions ne a saman jeri, dukkansu sun gama da nasara 15. Lions, da raunuka suka cinye masu tsaron bayanta, ta faɗi wasanta na farko a zagaye na gaba, 45 da 31, a hannun Commanders da sabon yaronsu Jayden Daniels. Chiefs kuwa duk wanda ya kalle su da idonsa ya san da ƙyar suke sha. Wasan buɗe kaka da Ravens, ɗan yatsan ƙafar ɗan wasa ne ya taka layi aka soke ci a daƙiƙar ƙarshe. Da Broncos, bugun da zai kayar da su suka tare da hannu aka tashi 16 da 14. Wasa 11 suka ci da tazarar da ba ta wuce maki 8 ba. Masoyansu suka ce halin zakaru ne, kuma mai jifansu Patrick Mahomes ya sha tabbatar da hakan, don haka ban isa in yi musu ba. Amma Eagles, da suka fara kaka da ci biyu faɗuwa biyu har ana maganar kujerar kocinsu, su ne ke murƙushe mutane a layin gaba mako bayan mako, Saquon Barkley na bin bayan ƙattinsu har ya tara yadi 2,005 da gudu.

Super Bowl ya zo ranar 9 ga Fabrairu, a wajenmu sha biyu da rabi na daren Litinin. Kafin hutun rabin lokaci Eagles na da 24, Chiefs babu ko ɗaya. Sai da ta kai 34 da nema kafin Chiefs su motsa. Mutum huɗu kawai Eagles ke turowa su farauci Mahomes, suka kayar da shi sau 6. An tashi 40 da 22, kuma makin ƙarshe ya yi wa Chiefs sutura, domin wasan ya mutu tun da wuri. Na zauna ina kallon abin da aka yi wa Darnold ana yi wa gwanin gwanaye, sai zuciyata ta ɗan yi sanyi.

Manhajar kanta tana da nata laifin. Hotonta na zuwa a makare da 'yan daƙiƙoƙi, har saƙon Yaya na "Innalillahi" ya riga ƙwallon isowa allona, sai da na roƙe shi ya daina. Sau biyu na buɗe ta da asuba don kallon wasan da na yi barci a kansa, sakamakon ya bayyana a fuskar farko kafin in kai ga ɓoye shi. Ya kamata a ce a ɓoye yake tun asali. Tana cin data kamar gara, wasa ɗaya kai tsaye a hoto mai kyau na iya lashe abin da nake yin mako da shi, sai na rage ingancin hoton, ƙwallon kuma ƙarama ce, in hoto ya dushe ba ka ganin inda ta nufa. Masu sharhin cikin wasa kuma suna magana ne da wanda ya tashi cikin abin, babu wani sashe da zai kama hannun baƙo. Dokokin da na sani, Yaya ne ya koya mini su ta saƙon murya.

Wanda ci kawai yake son gani, kada ya ɓata kuɗinsa, guntayen bidiyo na kyauta sun ishe shi. Wanda kuma aikinsa ba zai bar shi ya yi minti 40 da safe ba, shi ma ya haƙura, domin kallon kai tsaye kaɗai ba zai ɗore masa ba. Ni dai na kashe sabuntawar kai-da-kai don kada a cire mini dala a watannin da ba a wasa, amma zan sake biya a Satumba. Darnold ya koma Seahawks a watan Maris na 2025, ragama ta dawo hannun McCarthy da a lokacin bai taɓa buga wasan gasa ko ɗaya ba. Yaya ya ce zai aiko mini da sabuwar riga mai sunan yaron, na ce ya dakata tukuna sai na ga waɗanda aka tsayar a gabansa.