La'adar kashi 5: abin da wani ofishin dillancin gidaje ya yi mana a Tawa

Masu tambayata ko ofishin da ya sayar mana da gidan Yaya ya cancanci la'adarsa sun yi yawa, har na gaji da amsa ɗaya bayan ɗaya a bakin shago. To, ga amsar gaba ɗaya: ya cancanta, amma ba don dalilin da mutane suke zato ba. Samo mai saye ba wani aiki ba ne a garin nan. Ka ce a majalisa ɗaya kana da gidan sayarwa a unguwar Koweit, kafin la'asar wayarka ta ɗauki zafi. Abin da muka biya shi ne takarda, da kuma yadda kuɗi suka shiga hannu.

Gidan na wana ne, wanda yake Abijan kamar mazan Adar da yawa, yana kasuwanci a Ajame. Ɗaki uku da falo, ginin siminti, da lantarki da famfo. Shi kansa ya so in sayar da kaina. "Kai ɗan gari ne, wa zai cuce ka? Me ya sa za mu ba wani kuɗi a banza?" in ji shi. Na ce masa ni tela ne, abin da na sani almakashi ne da keke.

Ofishin ɗan ƙarami ne, ɗaki guda da fanka, da wani Alhaji mai shi da yaro ɗaya mai zaga gari a kan moto. Ba zan faɗi suna ba, don akwai ƙorafi a ƙasa. Kafin ya tambayi farashi, Alhajin ya ce, "Malam, ina akt da sesiyon?" Wato takardar da meri, ofishin magajin gari, take ba wanda ta ba fili. Na miƙa masa. Ya duba lambar ilo da ta parsel, wato lambar rukunin filayen da ta filin kansa, ya duba suna, ya ce wannan ba sunan yayanka ba ne. Gaskiya ne kuwa. Yaya ya sayi filin daga hannun wanda meri ta ba tun lokacin lotisma, wato sa'ad da aka yanka filayen unguwar, suka rubuta takardar ciniki da hannu, shaidu suka sa hannu, aka yi fatiha, aka watse. Ba a taɓa juya sunan a meri ba. Mutumin kuma ya rasu, ya bar mata biyu da ƴaƴa.

A nan ne ya kamata mai shirin sayar da gida da kansa ya tsaya ya yi tunani. Da na sayar haka, ni zan karɓi miliyoyin mutane a kan gidan da a rajistar hukuma mallakar mamaci ne. Ran da mai saye ya je juya suna aka ce sai magada sun yarda, kuma ɗaya daga cikinsu ya ce bai san zancen ba, ƙofar wa za a buga? Ba ta Abijan ba. Alhajin ya bi magadan gida gida, ya nemo wanda iyali suka wakilta a takardar zaman dangi da ta gado daga kotu, ya kawo shaidu biyu na cinikin farko da suke raye, aka gyara. Ya san wanda zai fara gaisarwa a gidan, ya san lokacin da zai yi shiru. Wannan ba a koyonsa a rana ɗaya.

Haka ya ƙi amincewa da saƙon murya da Yaya ya turo ta WhatsApp cewa ya wakilta ni. Ya ce a kawo wakilci a rubuce, mai hatimi, daga ofishin jakadancin Nijar a Abijan. Yaya ya yi ta mita saboda ya rufe shago ya je layi. Ni dai na ji daɗi, don ko gobe wani a dangi ya ce na sayar da gidan ɗan'uwana a ɓoye, takarda ce za ta amsa masa.

Batun farashi kuwa, mu sefa miliyan 17 muke da shi a ka, don wani maƙwabci ya ce nasa haka aka taya. Alhajin ya ce tayi daban, abin da aka biya daban. Ya nuna mana cewa layinmu ruwa yana kwanciya da damina, ga shi takardarmu akt da sesiyon ce kawai, ba mu da titir fonsiye, cikakkiyar takardar mallaka wadda sashen ampo, wato na haraji, yake bayarwa kuma banki ya fi yarda da ita a matsayin jingina. An daidaita a miliyan 14. A nan ina da shakka a kansa. Dillali yana son ciniki ya faɗa da wuri, domin miliyan ɗaya da za a ƙara mana jaka 50 ce kawai a aljihunsa, kuma ba zai jira wata biyu saboda ita ba. Ina jin da mun ƙara haƙuri da mun kai 15.

Amma ya hana mu wani cinikin da ya fi wannan kyau a ido. Wani ɗan kasuwar albasa daga wajen Galmi ya taya 16, zai ba da rabi yanzu, ya tare da iyalinsa, sauran idan ya sayar da albasa. Mutumin kirki ne a fuska, kuma ban ce yana da mugun nufi ba. Alhajin ya ce masa, "Ranka ya daɗe, makulli da cikon kuɗi rana ɗaya suke musaya." Kowa ya san albasa, bana ta yi kuɗi, baɗi ta ruɓe a rumbu. In ta faɗi, ka fitar da mai mata da ƴaƴa daga gidan da ya biya rabinsa, ka ga yadda gari zai kalle ka.

Ranar biya a wajen notar aka yi, wato mai tabbatar da takardun ciniki a hukumance, kuɗin kuma ta banki suka bi. Takardar sefa mafi girma ƴar jaka goma ce, wato miliyan 14 takarda 1,400 ke nan. Ka yi tunanin ƙirga su a tsakar gida da dare, ba injin gane jabu, ga unguwa duk ta san yau aka yi ciniki.

Yanzu ƙorafi. Ba su gaya mana tun farko cewa bayan la'adarsu ta jaka 700 akwai kuɗin juya suna na cinikin farko da zai hau kanmu ba, sai da muka yi nisa. Bashin lantarki na Nigelec da na ruwa da ɗan haya ya bari, ni na gano shi da kaina, alhali aikinsu ne su duba kontar, wato mitar wuta da ta ruwa, tun ranar farko. Yaron ofishin ba ya ɗaukar waya, kuma yakan kawo masu duba gida da tsakar rana ba sanarwa, in bar ɗinkin mutane in tafi buɗe ƙofa. Hotunan da ya sa a Facebook ko shara ba a yi ba aka ɗauke su. Sun kuma so mu sa hannu cewa ba wani dillali da zai taɓa gidan har wata shida. Na ce uku, suka yarda ba gardama, abin da ya nuna mini da ma a kan hakan suke.

Wanda zai je wurinsu, ko wurin irinsu, ya nemi a rubuta la'ada da wanda zai biya ta, mai saye ko mai sayarwa, kafin a kafa allo a ƙofa. Ya kuma tambaya ko akwai wasu ƴan tsakiya da za a raba da su, don a garin nan mutum ɗaya ya nuna gida da yatsa, gobe huɗu su zo neman rabonsu. A namu cinikin biyu suka zo shagona, na tura su ofis, Alhajin ya sallame su daga nasa kason.