Teburin madaci mai lanƙwasassun ƙafafu, bayan ya ga hunturu da damina

Ranar da aka sauke wa mutum sabon tebur ba ranar yabo ba ce, domin a ranar kowane tebur kyakkyawa ne. A Kano sai iskar hunturu ta busar da katako, damina ta dawo ta kumbura shi, sannan ake sanin ko kafinta ya iya aikinsa. Nawa ya wuce duka biyun, shi ya sa yanzu zan iya faɗin abin da na gani.

Teburin cin abinci ne zagayayye, na mutum shida, tsayinsa inci 30 kamar yadda aka saba. Ƙafafunsa huɗu sun lanƙwaso waje daga sama zuwa ƙasa, sannan akwai wani zoben katako a ƙarƙashin saman da ya riƙe su. Wani dattijon kafinta da nake kira Baba ne ya yi min shi da hannu, shi da yaran shagonsa.

Da farko madobiya na so, saboda launinta. Baba ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, mai faɗin da kike so ba ta samuwa yanzu, wadda za a kawo miki kuma ɗanya ce." Gaskiyarsa. An yi ta sare madobiya ana lodinta zuwa ƙasar Sin har ta kai ga yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare dabbobi da tsirran da ke barazanar ƙarewa, ta sa mata takunkumin ciniki tsakanin ƙasashe a 2016. Sai muka koma kan madaci, wanda shi ma ya shiga jerin itatuwan da aka sa wa wannan takunkumin a 2022. Madacin da muka sani ne dai, mai ɗacin ɓawon nan da ake jiƙawa a sha, amma cikinsa ja ne mai duhu, kuma yana ƙara nuna da daɗewa. Ya sayo katakon a 'Yan Katako da ke Na'ibawa, ya jera shi a inuwa, ya saka 'yan sanduna tsakanin kowane falle da ɗan'uwansa don iska ta ratsa, ya ƙi taɓa shi sai da ya gamsu ya bushe. Nan ne aikin ya ja lokaci fiye da alkawarin da muka yi, kuma ban ji daɗin rashin gaya min tun farko ba. Na yi ta aike, amsar kullum ita ce, "A gaya wa Hajiya ta ƙara haƙuri, katako bai shirya ba."

Inda kuɗina ya tafi, a ganina, shi ne wurin lanƙwasar. Yawancin teburan da ake jerawa a bakin titi, ana zana siffar ƙafar ne a jikin katako mai kauri a bi da zarto a yanke. Da sauri, da arha. Matsalar ita ce jijiyar katako a miƙe take tafiya, to idan aka yanko lanƙwasa, a daidai gwiwar jijiyar takan zama gajera, ta ratsa ƙafar a karkace. Nan ƙafa ke ɓallewa ranar da yaro ya hau ko aka ja teburin a kan tayil. Baba bai yi haka ba. Zoben ƙarƙashin ya tsaga katakon sirara-sirara, ya shafa wa kowane falle gam, ya lanƙwasa su tare a jikin wani ma'auni da ya sassaƙa, ya matse su har gam ya kama. Idan aka leƙa ƙasan teburin ana ganin layukan a jere. Ƙafafun kuwa, da yake lanƙwasarsu ba ta yi tsanani ba, ya zaɓo katakon da jijiyarsa ta ɗan karkata da kanta, ya bi ta. Na tambaye shi ko ba a turara katako da tururi a tanƙwara shi, ya ce ana yi, amma madaci ba ya son haka, tsagewa yake.

Babu ƙusa ko ɗaya a mahaɗar ƙafa da zobe. Rami ya fafe a ƙafar, ya sassaƙa harshe ya zura. Saman kuma bai manne shi da gam ba, ya ɗaure shi ne ta ƙasa da sukurori a cikin ramuka masu ɗan tsawo, don katakon ya samu wurin motsi. Na ga amfanin wannan da idona. Cikin tsananin hunturu saman ya ɗan tsuke ta faɗinsa, da ruwa ya sauka ya koma yadda yake, bai tsage ba, bai bankare ba. Har yau ba ya girgiɗi, ko an dafa gefe guda za a tashi.

Sai dai shafen da aka yi masa bai kai darajar sassaƙar ba. Banish mai ƙyalli aka lafta masa da kauri, ya rufe kyan jijiyar madacin, teburin ya fito kamar an naɗe shi a leda. Kwanon miya mai zafi ya bar farin zobe a kai tun makon farko, kuma a gefen wata ƙafa akwai inda banish ɗin ya zubo ya daskare. Yaran shago aka bar wa wannan ɓangaren, ana gani an sani. Nauyi ma akwai shi, mace ɗaya ba ta matsar da shi don shara.

Kuɗinsa ya ninka na teburin MDF (allon garin katako da aka matse da gam) mai girmansa, amma wancan da zarar ruwa ya shiga gefensa ya kumbura an gama, wannan kuwa ana iya kankare shi a sabunta. Abin da zan yi ke nan bayan sallah: Baba ya yarda zai goge banish ɗin da samfefa ya shafa mai a madadinsa, kuma mun yi da shi cewa wannan karon da hannunsa zai yi.