Kuɗin zaman gida a Ingila, ga yadda abin yake

Salamu alaikum ƙanena, ya jikin Mma, ya mutanen Aboabo baki ɗaya. Na saurari saƙonka na WhatsApp, wai a majalisarku ana ta musu cewa nan Ingila saurayi yana kwance a ɗaki gwamnati na zuba mishi fam duk wata. To akwai kuɗin kam, sunanshi Universal Credit, kuma da ni aka yi ta fama lokacin da ɗan Yaya ya nema bayan ya bar koleji bai samu aiki ba.

Shi nan aka haife shi, fasfo ɗin Ingila gare shi, shekararshi 19, shi ya sa ma ƙofar ta buɗe mishi. Ni da na shigo da bizar aiki an rubuta a takarduna ƙarara cewa ba ni da haƙƙin taɓa kuɗin tallafin gwamnati, ɗalibi ma haka, in ka kuskura ka karɓa to bizarka ce a haɗari. Don Allah wannan ka faɗa wa yaran nan da ke son sai da filin gado su taho.

Yawanci ta intanet ake nema, sai kana da akawun na banki da abin da zai nuna kai ne, kuma in ajiyarka ta wuce fam 16,000 babu kai. Yaron ya buɗe fom ɗin kanshi ya ɗau zafi, Yaya kuma ka san ta da kwamfuta, sai wata maƙwabciyarmu ta ce mu kira Citizens Advice, ƙungiya ce mai zaman kanta da ke taimaka wa mutane su cika irin wannan. Wallahi matar da ta ɗauka ta bi shi tambaya bayan tambaya har aka gama, ba ta ce ɗan gidan wa ne ba, ba ta nemi na koko ba, kiran ma kyauta. Ina zaune ina tuna ranar da muka wuni a layi da kai a wani ofis don takarda ɗaya, sai da Kawu ya kira wani da ya san wani. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan, fiye da kuɗin ma.

Kuɗin kuwa sai an jira kamar sati 5 kafin na farko ya faɗo, in ka matsu su ba ka rance su riƙa cirewa a hankali. Wanda bai kai shekara 25 ba nashi ya fi kaɗan, fam 300 da wani abu a wata. Na san yanzu kana juya shi zuwa sidi kana buɗe baki, amma nan kuɗin gas na ɗumama ɗaki da na bas kawai sun ci rabonsu, doyar Gana da nake tsallakewa a kasuwar Kejetia ta Kumasi sai na tsaya na yi lissafi kafin na ɗau ɗaya a unguwar Peckham ta Landan. Kuma ba kwanciya ba ce, kana sa hannu kan alkawarin neman aiki, wani har awa 35 a sati, ana ba ka ranar zuwa Jobcentre, ofishin gwamnati na masu neman aiki, ka ƙi zuwa ba dalili a yanke kuɗin. Ka samu aiki kuma duk fam ɗaya da ka ci ana rage kwabo 55 daga tallafin.

Mu a gida Gana tallafin gwamnati na LEAP da aka fara a 2008 na gidajen da talauci ya yi wa katutu ne, tsofaffi 'yan 65 zuwa sama, marayu, naƙasassu, ana biya bayan wata biyu-biyu. Saurayi mai lafiya irinka ba ya ciki, sai dangi da masallaci da mai waakye da ke ba da bashi, kuma ni dai ina ganin ya kamata a ce akwai wani abu ko ɗan kaɗan ne ga wanda ya gama makaranta yana jiran aiki.

Yaron ya samu aiki a wani sito yanzu, alhamdulillahi, dare yake yi. Na tura maka kuɗi ta MoMo, ka danna *929# ka sabunta wa Mma katin inshorar lafiya na NHIS kafin ranar asibitinta, sauran ka sai mini yaji ka ba duk mai tahowa.