Mandolin na hannun gwani ko na masana'anta: abin da mai saye ya kamata ya duba kafin ya biya

Duk wanda zai sayi mandolin ya kamata ya fara sanin irin nauyin da wannan ɗan ƙaramin abin kiɗa yake ɗauke da shi. Tsarkiya takwas ce ta ƙarfe, an jera su bibbiyu, an ɗaure su a kan muryoyin G, D, A da E kamar na biyolin, wato gogen Turawa, kuma jimillar jan da suke yi ya haura kilo 70. Wani kaso na wannan ja yana sauka ta kan jaki, wato ɗan katakon da tsarkiyoyin suke hawa, ya danna fuskar mandolin ɗin dare da rana, ko ana kaɗa shi ko yana rufe a akwati. Ita kuwa fuskar, kaurinta bai fi milimita 4 zuwa 5 ba a tsakiya, kuma yana raguwa zuwa wajen milimita 3 idan aka doshi gefe. A kan wannan siririn katako ne duk muhawarar take, domin idan ya yi kauri murya ta shaƙe, idan kuma ya yi sirara da yawa sai ya lotsa.

Ba zan ɓoye inda na karkata ba. Ni ina tare da mandolin ɗin da mutum ɗaya ya sassaƙa tun daga gungume har zuwa shafen ƙarshe, musamman mai siffar A, wato wanda jikinsa yake kamar ɗigon hawaye ba tare da nannaɗaɗɗen ado a kafaɗa ba.

Dalilina yana komawa ga yadda aka samo wannan ƙira. Tsohon mandolin na birnin Naples a Italiya, irin wanda iyalin Vinaccia suka shahara da shi tun ƙarni na 18, bayansa kamar ƙoƙo yake, an haɗa shi da siraran katakai masu yawa. Orville Gibson, wani masassaƙi a garin Kalamazoo na jihar Michigan a Amurka, shi ne ya zo da dabarar sassaƙa fuska da baya daga katako mai kauri, a yi musu doro kamar na biyolin, kuma ya samu rajistar ƙirarsa a shekarar 1898. Daga baya Lloyd Loar, wanda ya yi aiki da kamfanin Gibson, ya fito da samfurin F-5 tsakanin 1922 da 1924, mai ramuka biyu masu siffar harafin f, da dogon wuya, da sanduna biyu manne a ƙarƙashin fuska domin tallafa mata da kuma gyara murya. Ɗaya daga cikinsu, mai ɗauke da kwanan watan 9 ga Yuli 1923, shi ne ya faɗa hannun makaɗin Amurka Bill Monroe, kuma da shi ya kafa salon kiɗan bulugiras, wani reshe na kiɗan karkarar Amurka. Har yau kusan kowane mandolin mai doro, na gwani ne ko na masana'anta, wannan ƙirar yake bi. Saboda haka ba a zane suka bambanta ba, a wurin sassaƙa ne.

Katako ba ƙarfe ba ne da za a ce kowane yanki daidai yake da ɗan'uwansa. Ana yin fuska da icen sifurus, baya da gefe da wuya kuma da icen mefil, amma ko gungume ɗaya aka tsaga gida biyu, wani ɓarin zai fi wani tauri, wani ya fi wani nauyi. Gwanin da ya san aikinsa yakan ɗauki fuskar da yake sassaƙawa ya riƙe ta da yatsu biyu kusa da kunnensa, ya ƙwanƙwasa ta da gaɓar yatsa ya saurari amon da za ta bayar, sannan ya tanƙwara ta kaɗan tsakanin tafukansa ya ji yadda take turjewa. Idan ta yi tauri sai ya sake ɗaukar makankari ya rage abin da bai kai kaurin takarda ba a wani gefe, ya sake ƙwanƙwasawa, har sai ta ba shi abin da yake nema. Masana'antar da take fitar da ɗaruruwa a wata ba ta da wannan sukunin. Ma'auni ɗaya take bai wa na'ura, kuma saboda gudun kada kaya su dawo mata, takan bar katakon da ɗan kauri fiye da bukata, ta lulluɓe shi da shafe mai kauri mai ƙyalli wanda yake ƙara danne shi. Shi ya sa za a ɗauki guda biyar samfuri ɗaya a jere, a tarar ɗaya yana da murya, sauran huɗun kuwa sai a hankali. Ya kamata a yi adalci a nan: da yawa daga cikin gwanayen yau su ma suna amfani da na'ura mai kwamfuta wajen fitar da siffar farko, kuma ban ga laifin hakan ba, muddin hannu da kunne ne suke yanke hukuncin ƙarshe.

Amfani na biyu shi ne a yi maka abin daidai hannunka. Faɗin wuya a wurin da tsarkiyoyi suke farawa yawanci wajen milimita 28 da rabi ne, amma mai manyan yatsu zai iya neman a yi masa milimita 30, kuma wannan ɗan bambancin da ido ba ya gani yatsu suna jin sa tun a ranar farko. Za ka zaɓi bayan wuyan ya zama mai tsini kamar harafin V ko mai zagaye, allon yatsu ya zama shimfiɗaɗɗe ko mai ɗan lanƙwasa, gaɓoɓin ƙarfen da ke gicciye a kan allon su zama sirara irin na da ko masu ɗan kauri. Za ka zaɓi rami ɗaya mai siffar ƙwai, wanda muryarsa take da zurfi da daɗewa, ko ramuka biyu masu siffar f, waɗanda muryarsu take da kaifi tana ratsa taron makaɗa. Sannan idan wani abu ya taso bayan shekara biyar, akwai mutum takamaimai da ya san cikin abin domin shi ya rufe shi. Sunaye irin su Steve Gilchrist a Ostareliya, da Lynn Dudenbostel da John Monteleone a Amurka, su ne ƙololuwa, kuma kuɗinsu da layin jiransu sun fi ƙarfin yawancin masu saye. Amma akwai gwanaye da dama waɗanda ba su yi suna haka ba, aikinsu kuma ba abin rainawa ba ne.

Wannan hanya tana da nata ciwon kai. Za ka biya kafin alƙalami a kan abin da ba ka taɓa jin muryarsa ba, ka jira watanni, wani lokaci shekaru, kuma idan ka tashi sayarwa, aikin gwanin da ba a san shi ba yakan yi wuyar shiga kasuwa. Wanda ya sa aka rubuta sunansa da ƙyalli a kan allon yatsu kuwa, ya san cewa shi da mandolin ɗin mutu-ka-raba ne.

A ɓangaren masana'anta, Eastman da Kentucky, waɗanda ake yi a Sin, suna da samfura na katako tsantsa da aka sassaƙa, kuma sun isa ɗan koyo ya yi shekaru a kansu ba tare da ya ji kunya ba. Collings a Austin ta jihar Texas da Northfield suna tsakiya ne, aikinsu ya fi kusa da na gwani, kuɗinsu ma haka. Masu arahar nan marasa suna da suka cika shagunan intanet kuwa, kayan rataya a bango ne. Abu ɗaya da masana'anta ta fi gwani shi ne za ka iya riƙe abin ka kaɗa kafin ka biya, kuma duk wanda ya samu wannan dama ya ƙi amfani da ita, shi ya so.

Batun siffar F, wato mai nannaɗaɗɗen ado a kafaɗa, da siffar A ma yana cinye kuɗin mutane a banza. Nannaɗaɗɗen adon nan na kafaɗar F kusan katako ne cushe, aikin sassaƙa shi da yi masa baki yana cin lokaci mai yawa, amma abin da yake ƙarawa ga murya bai taka kara ya karya ba. Da kuɗin da za a sayi F matsakaici, za a iya samun A wanda ya fi shi nesa ba kusa ba.

Wannan darasin da kuɗina na saye shi. Mandolin ɗina na biyu mai siffar F ne, na gan shi a intanet yana walƙiya, da wani babban suna a rubuce a kansa, mai sayarwar kuma ya ce gadonsa ya yi bai san darajarsa ba. Watanni takwas bayan ya iso, sai na lura kullum ina ƙara ɗaga jakin ta hanyar murza 'yan kusoshin da ake ɗaga shi da su, amma tsarkiyoyin suna ci gaba da kwanciya suna gogar ƙarfe. Da na ɗora ma'auni a gicciye sai na ga doron ya lotsa a ƙarƙashin ƙafar jakin ta ɓangaren manyan tsarkiyoyi. Mai gyara ya zura ɗan madubi irin na likitan haƙori ta cikin ramin, ya haska fitila, ya ce in leƙa da kaina. Ɗaya daga cikin sandunan tallafin ta saki daga tsakiya, gam ya daskare guda-guda a gefenta, kuma a bakin ramin, inda shafe ya ɗan ɓare, ana iya ƙirga falle uku na katako manne da juna. Ba sassaƙa fuskar aka yi ba, danna ta aka yi da zafi har ta yi doro. Sunan da ke kai ma na jabu ne, kamfanin da aka ara sunansa bai taɓa ganin wannan abu ba.

Saboda haka a kula da kalmomin talla sosai. Idan aka rubuta cewa fuskar ta sifurus ce kawai, ba a ƙara da cewa katako ne tsantsa guda ba, to a ɗauka falle-falle ne aka manna. Idan an ce tsantsa ne amma ba a ce an sassaƙa ba, mai yiwuwa danna shi aka yi. Wasu kuma fuskar kaɗai ce tsantsa, baya da gefe na manne ne, sai a rubuta tallar yadda mai karatu da gaggawa zai zaci duka ne. A duba bakin ramin da kyau, domin a katako na gaskiya layukan icen suna gangarowa ta cikin kaurin ba tare da yankewa ba, kuma idan aka ga an shafe bakin da baƙin fenti, akwai abin da ake ɓoyewa.

Takardar da ake mannawa a ciki ba hujja ba ce, domin ita ce abu mafi sauƙin bugawa. Tunda ainihin F-5 masu sa hannun Loar 'yan ɗaruruwa ne kawai aka yi, kuma masana sun bi diddigin yawancinsu da lambobinsu, duk wanda ya ce ya tsinci ɗaya a ɗakin ajiya yana neman wanda zai saya da gaggawa, to a yi nesa da shi. Haka nan 'yan damfara sukan kwashi hotunan wani mandolin na gaske daga shafin wani dillali su sake tallata shi da rahusa. Maganinsu shi ne a nemi sabon hoto da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a soke tsakanin tsarkiyoyi, da hoton lambar ciki, da ɗan bidiyo ana kaɗawa. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan bukata. Wanda ya fara kawo uzuri, ko ya dage a tura kuɗi ta hanyar da ba a iya dawo da su, ya riga ya ba da amsa. Akwai kuma masu sayen mandolin ɗin masana'anta wanda ba a gama ba, su shafe shi, su manna sunansu, su sayar a matsayin aikin hannu. Gwani na gaskiya yana da hotunan aikin tun yana gungume, kuma ya san kaurin fuskar da ya sassaƙa ba tare da ya duba takarda ba.

Ko da gwani na ƙwarai ake hulɗa, a rubuta yarjejeniya: nawa ne kafin alƙalami, ana dawo da shi ko ba a dawowa, wane irin katako, yaushe za a gama, da kwana nawa mai saye yake da su na gwaji bayan kayan sun iso. A nemi jin ta bakin mutum biyu ko uku da suka riƙe aikinsa na tsawon shekaru, domin fuskar da aka sirantar fiye da kima takan yi murya mai daɗi a shekarar farko, sai daga baya ta fara nutsewa. Idan kayan za su tsallaka iyakar ƙasa, a tambayi abin da aka yi ado da shi, saboda katakon rozwud na Brazil yana cikin jerin farko na yarjejeniyar CITES, wadda take taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da suke neman ƙarewa, tun 1992, kuma hauren giwa da ƙoƙon kunkurun teku da ake samu a tsofaffin kaya suna iya sa jami'an kwastan su riƙe mandolin ɗin gaba ɗaya.

Ranar da ya iso, a bar shi a akwatinsa na wasu sa'o'i ya saba da yanayin ɗakin kafin a buɗe. Sannan a duba ko ƙafafun jakin sun zauna daram a kan fuska ba tare da haske yana ratsa ƙarƙashinsu ba, a danna kowace tsarkiya a gaɓa ta 12 a ji ko muryar ta yi daidai da ta buɗaɗɗiyar tsarkiya a sama, a hango wuyan daga kai zuwa gindi a ga ko ya miƙe. A auna tsayin jakin daga kan fuska a rubuta a takarda a ajiye cikin akwatin, a sake aunawa bayan wata uku.