Shekara guda da sa sola a shagon ɗinkina

Tun da na sa sola, da wuya rana ta fito ta faɗi wani bai leƙo shago ya ɗaga kai ya kalli akwatin da ke manne a bango ba, ya ce, "Maigida, wai abin nan yana mayar da kuɗinsa kuwa?" Teloli 'yan'uwana ne suka fi tambaya, sai masu aski da masu cajin waya. A tsaye ba na iya ba da amsa mai gamsarwa, ga almakashi a hannu ga mai kaya yana jiran awo. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, tunda yanzu ta zagayo shekara. Ta ga hunturu, ta ga ɗinkin sallah biyu, ta sha zafin bazara, ta kuma ga damina.

Shagona a Kurna yake, cikin Kano. Kekunan indastiri uku, keken wibin ɗaya, fanka biyu, ƙwayayen fitila huɗu, ni da yara uku. Ɗinkin maza muke yi, kaftani da 'yar shara, aikin wuya kuwa mu kai wa masu monogiram.

Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin kwanaki ta haura 500, zuwa Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Janaretana kuwa, duk ranar da babu wuta, sai ya shanye lita biyar kafin mu rufe. A wannan Oktoban ne manyan layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka samu matsala, na Shiroro zuwa Kaduna ɓata-gari sun lalata shi, jihohi da dama suka kwashe sama da mako guda a duhu. Ina da ankon abokan ango kaftani goma sha biyu a hannu. Na gama su a kan lokaci, amma ranar da aka biya ni na zauna da biro na cire kuɗin zare da maɓalli da sitati da hakkin yara, na cire na man da na riƙa saya gora-gora a wajen 'yan bumburutu, sai na tarar da abin da ya rage bai kai cefanen kwana biyu ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Shekara goma sha tara ina kan keke, a ce na koma yi wa inji aiki.

A Janairun 2025 na kwashi adashina, na sayar da babban janaretan, Yayana ya cika min sauran a matsayin rance, na nufi Sabon Gari. Shago uku na shiga. Biyun farko, da na ce sola nake so, sai kawai suka fara karanto min farashi. Na ukun, wani dattijo ne, ya ajiye wayarsa ya ce, "Malam, me za ka ɗora mata?" Na lissafa masa. Ya ce, "Kekunan naka wane irin moto ne a jikinsu?" Na ce mai kulochi, irin wanda kowa ya sani. Ya girgiza kai ya ce kada in ba shi ko sisi tukuna, gobe yaronsa zai zo shago da abin awo.

Wannan zuwan shi ne abin da ya fi komai amfani a duk cinikin. Yaron ya maƙala mitarsa a jikin waya, ya ce in kunna keke amma kada in taka. Na kunna, moton ya ɗauki kukan nan nasa da muka saba har ba ma jinsa. Ya nuna min lambar tana karantawa, ya ce, "Ka gani Baba, ba ka ɗinka komai ba amma yana ci." Haka moto mai kulochi yake, daga ka kunna shi yana juyawa ke nan, ko kana yanka, ko kana saka zare a allura, ko kana ciniki da mai kaya. Kuma duk tela ya san lokacin da ƙafarsa ke kan feda bai kai rabin zamansa a kan keke ba. Akwai wani moton da 'yan kasuwa ke kira sarbo, shi sai ka taka yake motsi, ka ɗaga ƙafa ya yi tsit. Na canza wa kekunan huɗu duka, kowanne naira 70,000. Da farko yara sun yi ta ƙorafi wai ba su saba da takunsa ba, bayan mako guda ko kyauta aka ba su tsohon ba za su karɓa ba, don ana iya rage masa gudu a wajen kwanar wuya da bakin aljihu. Duk telan da ya tambaye ni yanzu, abin da nake fara ce masa ke nan: ko ba ka da kuɗin sola, fara canza moto, ko a janareta za ka ga bambanci.

Abin da na saya: farantan sola huɗu masu wat 450 kowanne a kan 420,000, inbata (akwatin da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) mai ƙarfin kilo uku a kan 320,000, batirin litiyom mai bolt 24 da am 100 a kan 650,000. Wayoyi da ƙarafa da kuɗin aiki suka ci 160,000. Dattijon ya jona batirin a gabana na ga a cike yake, ya rubuta min rasit da lambar jikin kowane kaya da wa'adin garanti. A nan ba ni da abin cewa sai godiya.

Batirin nan, in an juya lissafinsa zuwa abin da muka sani a mita mai kati, yunit biyu da rabi ne kawai yake ɗauka. Na so a ce tun farko haka ake yi wa mutane bayani, da an rage rigima tsakanin masu saye da masu sayarwa. Mutum ya ji an ce miliyan ɗaya da rabi, sai ya ɗauka ya sayi tashar wuta. Na zaɓi litiyom a kan tubula, wato batir mai ruwa, saboda abin da na gani a wajen maƙwabcina mai aski. Nasa tubula ne, sai ana duba masa ruwa, kuma ba a so a riƙa zuƙe shi fiye da rabi, shi kuwa kullum sai ya ƙarar da shi, bai rufa shekara biyu ba ya fara sanyi. Litiyom ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ana iya cin mafi yawan cajinsa, ba ruwanka da zuba ruwa, kuma yana nuna maka kashi nawa ya rage.

Da rana kam, ban da abin da zan ce da ita. Daga ƙarfe tara na safe zuwa la'asar kekuna huɗu na aiki, fanka na juyawa, batir kuma na cika. Matsalarta ɗaya a shagon tela, dutsen guga. Namu wat 1,200 ne, wato shi kaɗai ya fi duk sauran kayan shagon ci. A goman ƙarshe na azumin bara, muna kwana a shago kamar yadda kowane tela ke yi, wajen ƙarfe ɗaya na dare ƙaramin yarona ya jona dutse zai buɗe kafaɗar wata shadda, ya bar shi a jone ya ci gaba da na gaba da na gaba. Ba a yi minti arba'in ba inbata ta yi ƙara, shago ya yi duhu, ga kaya tara da aka yi alkawarinsu washegari. Da fitilar waya muka lallaɓa muka tayar da ƙaramin janaretan da na bari. Ban yi masa faɗa sosai ba, don ni ne ban kafa doka ba. Tun daga ranar, gugar lantarki daga sha ɗaya na safe ce zuwa uku na rana, lokacin da farantan ke bayarwa kai tsaye. Bayan la'asar sai dutsen gawayi, kuma ga shadda ma ni na fi son nauyinsa.

Inda raina ya ɓaci shi ne wajen haɗawa. Dattijon kaya kawai yake sayarwa, ya ce yana da mai haɗawa amma sai bayan kwana biyar. Na ƙagu, wani ya kawo min wani da ake kira injiniya, ya yi min ragi, na amince. Araha ba ta ado. Wata biyu da gamawa, da tsakar rana, na fara jin ƙauri kamar ana ƙona leda. Na taɓa wayar da ta tashi daga batir zuwa inbata, na janye hannu da sauri, robar har ta yi laushi. Siririyar waya ya sa a inda ake buƙatar mai kauri, kuma babu abin katse wuta ko ɗaya tsakanin batir da inbata. Shagon da ke cike da yadin mutane, wani na amanar biki, wani na marayu da aka ɗinka wa na sallah. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Na kira shi ya fi sau goma, kullum yana hanya.

Wanda dattijon ya turo daga baya ya hau kwano ya sauko yana salati. Farantan a kwance aka shimfiɗa su, maimakon a ɗan karkata su su fuskanci kudu, ga tankin ruwan maƙwabci yana jefa inuwa a kan ɗaya daga ƙarfe uku. Ya yi min bayani cewa tunda a jere aka jona su, in inuwa ta rufe ɗaya sai ta ja sauran ƙasa. Ramukan kusoshin ma ba a toshe ba, da damina ta same mu a haka da ruwa ya sauka a kan teburin yanka. Gyaran ya ci 90,000, waya mai kauri da abin katse wuta da sabon ƙarfen ɗora faranti. Ragin da na samu a farko bai kai rabin haka ba.

Sai ƙura. Wanda bai zauna a Kano da hunturu ba ba zai gane ba. Akwai ranar da na duba allon inbata da azahar na ga farantan na ba da wat 700 da 'yan kai, na ɗauka wani abu ya lalace. Babban yarona ya hau da bokiti da tsumma washegari da asuba, da azahar ta yi na ga 1,200. Yanzu duk kwana uku ake wankewa in ana hazo, kuma da sassafe, don ba a zuba ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha rana. Wat 1,800 da aka rubuta a jiki kuwa ban taɓa ganinsa ba ko sau ɗaya, kuma an ce min haka abin yake, zafi na rage musu ƙarfi, shi ya sa a watan Afrilu da rana ta fi ƙuna ba a samun abin da ake zato. A Agusta an yi kwanakin da hadari ya rufe gari tun safe, waɗannan sai mun haɗa da wutar layi in an kawo, ko ƙaramin inji.

Inbatar kanta tana da abin da ba na so. Fankarta na da ƙara in kaya sun yi mata yawa, tana kuma zuƙar ƙura da burbushin zare, sai ana busa mata iska. In ta samu matsala lamba kawai take nunawa, littafinta da Turanci ne mai wuyar ganewa da ƙananan rubutu. Na ɗauki hoton shafin lambobin na sa ɗana ya rubuta min ma'anarsu da Hausa, na manna a bango kusa da ita.

Lissafin kuɗi ga shi yadda yake a littafina. Duk abin da na kashe, da motoci huɗun kekuna da gyaran da aka sake, ya kama naira 1,920,000. A da, mai da baƙin mai da kuɗin mai gyaran inji suna cin tsakanin 110,000 zuwa 130,000 a wata. Yanzu in an raba shekarar, bai wuce 15,000 ba. Wato kusan 100,000 ke tsira duk wata, ko da yake fetur ya ɗan sauko a 2025, don haka ba na cika baki da lambar. Ba ta gama mayar da kuɗinta ba, da saura kamar wata bakwai zuwa takwas. Yayana dai na biya shi tun bayan babbar sallah. Wanda aikinsa na rana ne kamar mu, ina ba shi shawara ya sa. Wanda kasuwarsa sai dare take ci, ko mai firiza da ke son ta kwana a kunne, wannan girman ba zai ishe shi ba, kada wani ya ruɗe shi da cewa zai isa.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafi. Shekaru ina ɗaga murya kafin mai kaya ya ji ni, ina komawa gida da warin hayaƙi a riga da ciwon kai. Yanzu rediyo na kunne a shago muna jin labarai, ana kiran sallah muna ji. Wani Alhaji da ya daɗe yana kawo min ɗinki ya zauna a benci kwanan baya ya ce, "Malam, yau ne na fara jin ƙarar almakashinka." Maƙwabta na kawo cajin waya, ba na karɓar kuɗi, amma na ce daga safe zuwa la'asar ne, bayan nan batirin na kekuna ne.

Makon jiya na koma wajen dattijon na tambayi kuɗin batir na biyu, don in ya samu za mu iya kai wa asuba a daren sallah ba tare da an tayar da inji ba. Ya ce in kawo hoton lambar na farkon, don sai iri ɗaya ake haɗawa. Kwasar adashina ta gaba sai watan Sha'aban, na riga na gaya wa uwar adashin kada ta ba wani gurbina.