Django Debug Toolbar: wata takwas ina aiki da shi a kan littafin bashin wani ɗan kasuwa

Bara bayan Sallar layya wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ya ba ni aikin mayar da littattafan bashinsa cikin manhaja. Masara, gero, wake, riɗi, duk buhun da ya fita a rubuta, duk kuɗin da ya shigo a rubuta, a san wa ake bi kuma nawa. Na rubuta ta da Django, wato tsarin gina manhajojin yanar gizo da harshen Python, rumbun da ke ajiye bayanan kuma PostgreSQL. Watannin farko lafiya lau. Da kaka ta yi ciniki ya buɗe, sai waya ta fara shigowa.

"Malam, abin nan naka fa ya fara jan ƙafa. Mutum yana tsaye da kuɗinsa a hannu, yaro yana ta kallon allo."

Na ce, "In sha Allahu, Alhaji, zan duba a daren nan."

Na duba ɗin, amma da ka. Na ɗora laifin a kan intanet ɗin kasuwa, daga baya na ce ƙarfin sabar ne ya yi kaɗan, har na sa aka ƙara kuɗin wata aka ɗauki mai girma. Shafin abokan ciniki bai fasa cin daƙiƙa takwas zuwa tara kafin ya buɗe ba. Kuɗin mutum ne na sa aka kashe a kan hasashe, kuma har yau abin yana damuna. A mako na biyu ne wani abokin aikina ya ce in daina duba sama, in saka Django Debug Toolbar, kayan aikin da ke nuna abin da ke gudana a bayan kowane shafi, in ga abin da manhajar take faɗa wa rumbun da idona.

Kyauta ne, kod ɗinsa a buɗe yake ga kowa. Rob Hudson ne ya fara shi a 2008, tun daga nan kuma 'yan sa-kai ke riƙe da shi. Saka shi bai kai minti goma ba: ka sauko da shi ta pip, manhajar sauko da kayan Python, ka ƙara debug_toolbar a cikin INSTALLED_APPS, ka sa layinsa a MIDDLEWARE, ka haɗa adireshinsa da na manhajarka, sannan ka rubuta 127.0.0.1 a INTERNAL_IPS. In DEBUG a kunne yake, da ka sabunta shafi za ka ga wani dogon allo ya bayyana a gefen dama na burauza. Mai aiki a cikin Docker, wato manhajar da ke gudanar da aiki a keɓantaccen akwati, ya lura, adireshin da manhajar ke gani a can ba 127.0.0.1 ba ne, don haka allon ba zai fito ba sai an gyara wannan. Haka kuma shafin da ba shi da alamar rufe body ta HTML, nan ma ba zai fito ba.

Sassa da yawa gare shi, na lokaci, na saituna, na samfuran shafi da sauransu. Ni dai gaskiya kashi tara cikin goma na zamana da shi a sashen SQL ne, wato harshen da ake yi wa rumbu tambaya da shi, kuma a kansa zan yi magana.

Da izinin Alhaji na kwafo bayanan gaskiya zuwa kwamfutata, na buɗe shafin abokan ciniki. Mutum 50 yake nunawa a lokaci guda. Allon ya rubuta: tambayoyi 154. Na daɗe ina kallon wannan lamba. A raina tambaya ɗaya na rubuta, wato kawo mini abokan ciniki. Da na danna sai ga su a jere: biyu na tantance wanda ya shiga, ɗaya ta ƙirga mutane don raba shafuka, ɗaya ta kawo mutum 50 ɗin, sannan 150 da suka kasu gida uku. Kowane mutum sai an koma rumbu an tambayo sunan garinsu, an sake komawa an tambayo ranar da ya biya na ƙarshe, an kuma komawa an lissafo ragowar bashinsa. Kamar ka aiki yaro sito sau hamsin, kowace tafiya ya ɗauko mudu ɗaya, alhali ga buhu a jingine. Masu harkar suna kiran wannan matsalar N+1, na kuma sha karanta labarinta, amma ban taɓa zaton a gidana take ba.

Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya a ƙirga ba. Yana ware tambayoyin da siffarsu ɗaya ce lamba kawai ta bambanta, da waɗanda aka maimaita su sak, ya gaya maka sau nawa. Tambayar gari, alal misali, yawancinta maimaici ne, don mutanen Alhaji daga garuruwa ƙalilan suke. A ƙarƙashin kowace kuma yana nuna layin kod ɗin da ya haife ta, har da layin samfurin shafi. Wannan ya fi komai amfani a wurina, domin Django ba ya aika tambaya a inda ka rubuta ta, sai lokacin da aka buƙaci amsar. Nawa duk a cikin samfurin shafi suke tashi, a wasu layuka uku da ba su yi kama da masu taɓa rumbu ba ko kaɗan.

Na gari select_related ya magance shi, ya haɗo teburin garuruwa cikin tambaya ta farko. Sauran biyun na ce bari in yi da annotate, in tara kuɗin kayan da mutum ya ɗauka da kuɗin da ya biya a lokaci guda. Tambayoyi suka sauko daga 154 zuwa 4, shafi ya buɗe kamar ƙiftawar ido. Na yi hamdala.

Allah ya sa ban tura gyaran zuwa sabar ba a daren. Da safe na ɗauki wani abokin ciniki da na san lissafinsa a takarda, sai na ga manhajar ta ninka masa bashi. Ya ɗauki kaya sau huɗu, ya biya sau uku. Na koma allon na karanta ainihin tambayar da aka aika, sai ga JOIN, wato haɗa teburi da teburi, har biyu a jere, ɗaya zuwa teburin kaya ɗaya zuwa teburin biya. Huɗu sau uku, layi 12 ke nan: kowane ɗaukar kaya an ƙirga shi sau uku, kowane biya sau huɗu. Akwai maɓallin da ke gudanar da tambayar ya nuna maka sakamakonta a nan take, na kwafe ta na cire tarawar, na ga layukan goma sha biyun da idona. Takardun Django sun yi gargaɗi a kan wannan ƙarara, ni ne ban karanta wurin ba. Na raba lissafin gida biyu da Subquery, wato tambaya a cikin tambaya, kowane teburi a tara shi daban, lambobi suka dawo daidai, tambayoyin kuma suna nan 4.

Ku duba abin da ya kusa faruwa. Mutumin da ake bi naira dubu ɗari takwas a ce masa miliyan biyu da wani abu, a gaban jama'a, a kasuwar da amana ce jarinta. Allon bai yi mini ihu ba, a wurinsa tambaya 4 masu sauri abin yabo ne. Bai san daidai ko kuskure a lissafi ba. Abin da ya yi shi ne ya shimfiɗa mini tambayar a fili lokacin da na zo nema, kuma wannan ya wadatar.

Sai batun bincike, wanda shi ya fi cin lokacina.

Yaran shago suka ce akwai mutanen da manhajar ke "ɓoyewa". A rubuta suna a ce babu, alhali jiya aka shigar da shi. Na buɗe allon na yi binciken, na ga abin da icontains, umarnin Django na neman rubutu ba tare da kula da babban baƙi ko ƙarami ba, yake zama a PostgreSQL: a mayar da sunan manyan baƙaƙe da UPPER, a mayar da abin da aka rubuta haka, a gwada su da LIKE da alamar % gaba da baya. Tambayar ba ta da aibi. Matsalar tana cikin rubutunmu ne. Yaro ɗaya wayarsa tana da ƙ da ɗ da ɓ, shi Ɗanjuma yake shigarwa. Ɗayan Danjuma yake nema. A wurin rumbu D da Ɗ baƙaƙe biyu ne da ba su haɗa komai ba. Ga kuma mutanen Maraɗi da Damagaram da ke zuwa sari: akwai yaron da ya yi karatu a Nijar, shi ƴ yake rubutawa inda mu muke rubuta 'y. Sannan alamar hamza ta cikin sunaye irin su Isma'il da Sa'adatu, wata waya miƙaƙƙiya take sakawa, wata lanƙwasasshiya, wani kuma ba ya sa ta sam. Suna ɗaya, rubutu uku ko huɗu.

A nan ne na gane iyakar wannan kayan aiki. Ya nuna mini baƙaƙen da aka aika daidai yadda suke, har na ga lanƙwasasshiyar hamzar da ban taɓa lura da ita ba. Amma bai san Hausa ba, ba zai ce maka waɗannan sunan mutum ɗaya ne ba. Maganin da na yi shi ne na ƙara gurbi na biyu a teburin, wanda ba a nuna wa kowa. Duk sunan da aka ajiye, a mayar da shi ƙananan baƙaƙe, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, ƴ ta koma y, a share kowace irin hamza. Abin da mai bincike ya rubuta shi ma a bi da shi ta nan kafin a gwada. Sunan asali yana nan da lanƙwasarsa yadda aka rubuta shi, don ban yarda a gyara matsalar na'ura ta hanyar lalata rubutun mutane ba.

Wani abu da ya kamata masu gwaji da ƙaramin rumbun nan SQLite su sani: LIKE ɗinsa baƙaƙen Turanci zalla yake iya daidaita babba da ƙarami. Ƙ da ƙ daban suke a wurinsa. In ka gwada a SQLite ka tura zuwa PostgreSQL, sakamakon bincike zai iya bambanta.

Hamzar nan ta kuma tona wani tsohon kuskurena. A shafin rahoton wata na rubuta SQL da hannu, na liƙa sunan mutum kai tsaye cikin jimlar. Duk wanda sunansa ke da miƙaƙƙiyar hamza, shafin faɗuwa yake, don rumbu yana ɗaukar alamar a matsayin ƙarshen magana. Ta wannan ƙofar ce ɓarayin bayanai ke shigowa su cusa tasu tambayar. Na mayar da sunan ya bi ta gurbin %s yadda ya dace, na kuma bi sauran kod ɗin layi-layi.

Binciken rasit kuwa nauyi ne matsalarsa, don teburin ya haura layi dubu ɗari biyu. Maɓallin bayani na allon yana gudanar da EXPLAIN ANALYZE a kan tambayar, umarnin da ke nuna hanyar da rumbu ya bi wajen amsa ta, sai ga Seq Scan, wato rumbu yana karanta teburin daga farko har ƙarshe duk da na saka fihirisa. Fihirisar da aka saba, B-tree, kamar ƙamus take, da farkon kalma ake nema, don haka % a gaba ta kashe amfaninta. Na kunna pg_trgm, mai yanka rubutu baƙi uku-uku, na saka fihirisar GIN a kan gurbin da na daidaita. Na sake danna maɓallin, Bitmap Index Scan ya maye gurbin wancan. Sai dai in an rubuta ƙasa da baƙi uku ba ta taimakawa, shi ya sa na hana akwatin bincike motsi sai an kai uku.

Akwai inda zan ja kunne. Tsawon lokacin da allon yake nunawa na kwamfutarka ne, inda manhaja da rumbu suke ɗaki ɗaya. Tambayoyina 154 a gida ba su cika daƙiƙa ɗaya ba, a can kuwa rumbun yana wata na'ura daban, kowace tafiya da kuɗinta. Don haka yawan tambayoyi nake kallo fiye da milisakan. Shi kansa allon yana ƙara wa shafi nauyi saboda bin diddigin da yake yi. In manhajarka JSON take mayarwa, wato zallar bayanai, ba shafi ba, sai ka bi ta sashen History ka zaɓo buƙatar da kake so, abin da ya ɗan fi wahala. Mafi girma duka, kada a bar shi a kunne a sabar da jama'a ke shiga. Yana nuna saituna da tambayoyi da bayanan mutane. A watan Afrilun 2021 ma sai da aka fitar da gyaran tsaro saboda wata kafa a maɓallan sashen SQL ɗin nan. Ni a fayil ɗin saitunan gida kaɗai yake, ba ya ma cikin jerin abubuwan da ake saukewa a sabar.

Ga mai koyon Django, shawarata ya saka shi tun ranar farko, kafin a sami matsala, ya riƙa leƙa lambar nan duk shafin da ya gama. Na mayar da sabar Alhaji kan ƙaramin tsarin da muka fara da shi, na kuma gaya masa dalilin da ya sa aka biya ƙarin wata biyu, na ce a cire daga kuɗin aikina. Ya ce, "Haba Malam, bar shi, tunda yaran sun daina tsayuwa." Yanzu abin da ke gabana shi ne mutum ɗaya mai suna fiye da ɗaya: Muhammadu da ake kira Mamman, da Abubakar da ake kira Garba ko Habu. Wannan sai na yi masa teburin laƙabi daban, kuma na roƙi babban yaron shagon ya zauna da ni ranar Juma'a bayan masallaci mu fara jera su.